Bin Sawun Haske

Ranar Talata ƙwan fitilar ajinmu ya mutu,
daidai na rubuta "makamashi" a allo, ban ko ɗiga aya ba.
Yara ashirin da uku suka kwashe da dariya.
Phurba ya ce, "Malam, kalmar ce ta ji kira ta gudu."
Na ajiye alli. Na ce, to ku tashi mu bi sawunta.

Makarantarmu na rataye a kafaɗar dutse,
a Nepal, inda hanya ba ta san miƙewa ba.
Muka bi waya, turke bayan turke,
ta gonakin shinkafa masu hawa-hawa kamar matakala,
ta gidan su Ujeli, inda kashin ɓauna ke ruɓewa a rufaffen rami
yana aika iskar girki ta siririn bututu.
"Har wannan?" in ji Ujeli, hannu a hanci.
Har shi. Ciyawar shekaranjiya ce ke dafa shayin yau.

Wata tsohuwa ta wuce da kwandon itace, igiya a goshi.
Na ce su taɓa icen. Sanyi ƙalau.
Amma wuta na kwance a ciki tana barci:
rana ce bishiyar ta yi ta zubawa kamar mai adashi,
ashana kawai take jira ranar kwasa.

A ƙasan kwari ɗakin injin ya yi tsit.
Tsoho Harka na bakin ƙofa yana ɗinkin laima.
"Ƙasa ce ta zaftare," ya ce, "ta toshe magudana da asuba.
Ba ruwa, ba juyi. Ba juyi, ba wuta."
Darasin da na kwana uku ina shiryawa
ya gama shi da kalma takwas, bai ko ɗago kai ba.

Sai hawa.
Nirmaya ta tuɓe rigar sanyi: "Jikina ya ɗau zafi."
Na ce riƙe wannan, shi ma yana cikin lissafi.
Tek ya ga wani dutse zaune a bakin gangare,
ya taɓa shi da ƙafa.
Abin da ke ajiye ya zama gudu,
gudu ya zama ƙara,
ƙarar ta tashi hankaki biyu daga kan bishiya.
Babu abin da ya ɓata, riga kawai yake sauyawa.

Muka tarar da taɓo da tsakuwa sun shaƙe wuyan magudana.
Manyan gari na can da shebur, muka shiga da hannu.
Da ruwan ya ɓalle, sai da ƙasa ta yi rawa.
Can ƙasa injin ya yi tari, ya kama gurnani.

"Wa ya ɗora ruwan nan a sama?" in ji Nirmaya.
Ƙanƙarar ƙololuwa. Wa ya kai ta? Girgije.
Wa ya ɗauko girgije daga teku? Suka ɗaga kai, suka runtse ido.
"To ita ranar, wa ke iza mata wuta?"
Na ce cikinta take ci, a hankali, tun kafin duwatsun nan.
Ba ta gamsu ba. Ni ma, a gaskiya, ban ƙoshi da amsar ba.

Muka dawo da taɓo har gwiwa.
Ƙwan na ci shi kaɗai, yana haska aji ba kowa.
Phurba ya dube shi, ya dubi tafin hannunsa da ya ɗaye.
"Malam, rubuta: shinkafa da waken da na ci da safe
su suka kunna wannan."

Na ɗauki alli na rubuta.
Na bar wurin ayar a buɗe.